Wane boris ɗin kuloci ne zai jure wa aikin Kanta mai ɗaukar lodi?

Mai Kanta, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu motoci, direbobi da makanikai na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan boris ɗin kuloci, wato wanda ke danna murfin kuloci idan an taka feda, na motata, Mitsubishi Canter mai injin 4D34, wadda take jigilar hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau. Ba a daɗe da sauke giyabos aka sa mata sabon boris ba, ga shi tun kafin damina ta fita ya fara kuka, da zarar direba ya ɗora ƙafa a kan feda sai ƙara ta tashi, idan ya ɗaga ƙafa kuma ta lafa. Kuɗin boris ɗin bai dame ni ba kamar kuɗin aikin sauke giyabos da zaman da mota za ta yi a gareji a daidai lokacin da kaka ta gabato, aiki yana neman mota. A shagon da na je an nuna mini iri uku, ɗaya a kwalin Koyo, ɗaya a kwalin NSK, na ukun kuma ba shi da wani suna da na sani amma ya fi su araha nesa ba kusa ba. Akwai kuma wanda ya ce in bar sababbin nan gaba ɗaya in nemi na tokumbo. Wanne ne a cikinsu zai fi daɗewa?

Bakanike, Kaduna:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a shiga maganar wanda za a saya, ya kamata a tabbatar boris ɗin kuloci ne ke kukan, domin abubuwa huɗu ne a wannan wuri suke yin ƙara mai kama da juna, kuma an sha sauke giyabos a kan wanda ba shi da laifi. A tayar da mota, a bar inji yana silo, giya a firi. Idan ana jin ƙarar alhali ba a taka feda ba, kuma ta ɗauke da zarar an taka har ƙasa, to matsalar tana cikin giyabos, a boris ɗin sandar da ke shiga kuloci, domin taka feda ne ke tsayar da wannan sanda. Idan kuma shiru ake ji har sai an ɗan danna feda, ƙarar ta fara tun kafin kuloci ya saki, ta kuma ƙaru gwargwadon dannawa, wannan shi ne boris ɗin kuloci. Idan ba a jin komai sai feda ya kai ƙasa kuma an sa giya mota tana tsaye, a zargi ƙaramin boris ɗin da ke tsakiyar fulawil, wato faffaɗan ƙarfen bayan inji da ake ɗaure kuloci a jikinsa. Na huɗun shi ne ɗan tsuwa da ake ji a silo wanda yake ɓacewa idan an taɓa feda da yatsan ƙafa kawai, wanda galibi fok ne, wato ƙarfen da ke tura boris, ya bushe a wurin da yake juyawa. Bayanin da ka yi ya fi kama da na biyun, amma ka sa a gwada a gabanka. Ina kuma so in san abu guda: lokacin da aka yi wancan aikin, boris kaɗai aka canja, ko har da faifai da murfin kuloci?

Mai Kanta, Kano:
Oga, mun gwada da yammacin nan kamar yadda ka faɗa, kuma ƙarar tana farawa ne da an ɗan danna feda, a firi kuwa ba a jin komai. Wancan karon boris kaɗai aka canja, domin wanda ya yi aikin ya duba faifan ya ce da sauran nama a jikinsa, murfin kuma babu tsagewa, saboda haka aka mayar da su yadda suke.

Bakanike, Kaduna:
To Alhaji, ina kyautata zaton a nan gizo yake saƙar. Mutane suna duba kaurin faifai su manta da yatsun murfi, alhali a kan waɗannan yatsu ne boris yake yin duk rayuwarsa. Idan aka sauke giyabos, ka sa hannu da kanka ka shafa bakin yatsun. A tsohon murfi za ka tarar da rami zagaye wanda tsohon boris ya ci, wani lokaci har farce yana maƙalewa a ciki, kuma idan ka duba ta gefe bayan an ɗaure murfin a jikin fulawil za ka ga wasu yatsun sun ɗara wasu tsawo. Sabon boris da aka ɗora a kan irin wannan ba zai zauna daidai ba, zai riƙa taɓa wasu yatsu kafin wasu, yana karkacewa a kowane juyi na inji, nauyin da ya kamata 'ya'yan boris su raba a tsakaninsu sai ya tare a gefe guda. Ko daga kamfani aka kawo shi kai tsaye, zafi zai narkar da giris ɗinsa ya bushe.

Haka nan a duba bututun da ke gaban giyabos, wanda boris yake zamewa a kansa. Idan ya ci ta gefe ɗaya ko ya yi gargada, boris zai riƙa tafiya a karkace yana cijewa, direba kuma zai ce feda ya yi nauyi. Fok ma yana cinyewa a bakinsa biyu da ke tura boris, kuma ba lallai su ci daidai da juna ba. Ni a garejina ba na karɓar aikin canja boris shi kaɗai a motar da faifanta ya yi rabin rayuwa, domin idan ya dawo da kuka sunana ne zai ɓaci, ba na mai shago ba.

Mai shagon sifiya, Kano:
Maganar Oga gaskiya ce, amma bari in amsa tambayar Alhaji ta fuskar da na sani, wato kasuwa. Koyo, NSK, NTN da Nachi duk kamfanonin Japan ne da suka daɗe suna yi wa masu ƙera motoci boris, kuma idan na ainihi ne babu wanda zan ce ka guje shi a cikinsu. NSK tun 1916 yake wannan sana'a, NTN tun 1918. A Turai akwai SKF na Suwidin da INA na Jamus. Bambancin da ke tsakanin waɗannan manya bai kai kashi ɗaya cikin goma na bambancin da ke tsakanin na ainihi da na jabu ba, kuma abin takaici shi ne sunan da ya fi farin jini shi aka fi kwaikwaya. Saboda haka sunan da ke jikin kwali ba ya gaya maka komai sai ka san hanyar da kayan suka biyo.

Akwai abubuwan da nake dubawa idan an kawo mini kaya. Rubutun da ke jikin ƙarfen na ainihi yana fita tsaf, haruffa a jere da zurfi iri ɗaya, na jabu kuwa sau da yawa za ka ga harafi ya karkace ko rubutun ya dushe a gefe. Lambar jikin ƙarfe ta zo daidai da ta jikin kwali. Fuskar da ke taɓa yatsu ta kasance sumul ba tare da layin injin yanka ba. Amma in faɗi gaskiya, masu yin jabu sun ƙware ƙwarai, akwai wanda ido ba zai raba shi da na ainihi ba. Shi ya sa manyan kamfanonin suka fitar da manhajojin waya: SKF yana da SKF Authenticate inda ake tura hoton kaya su duba, NSK yana da NSK Verify, ƙungiyar masu ƙera boris ta duniya kuma tana da WBA Check mai karanta lambar da ke jikin kwali. Ba kowane kwali ne ke ɗauke da lambar da za a iya karantawa ba, amma inda akwai, gwajin bai fi minti ɗaya ba.

Abu biyu kuma kada su ruɗe ka. Na farko, Koyo ya haɗe da wani kamfani a 2006 suka zama JTEKT, kuma daga 2022 suka fara mayar da sunan kayansu JTEKT, don haka ganin wannan suna a kwali ba alamar jabu ba ce. Na biyu, waɗannan kamfanoni suna da masana'antu a ƙasashe da dama na Asiya da Turai, kaya na iya zama na ainihi ba tare da an rubuta Japan a jikinsa ba, kamar yadda mai jabu ba ya jin nauyin rubuta Japan da manyan baƙaƙe. Wancan na ukun mai araha kuwa, ba zan ce duk abin da ya fito daga Chana banza ne ba, ai Howo da suka cika hanyoyinmu da kayan can suke aiki, amma kamfanin da ya ɓoye sunansa ya riga ya gaya maka ba zai tsaya wa kayansa ba.

Tsohon direba, Maraɗi:
Ina gaishe ku duka. Ni dai da na ga jiya na ga yau, ra'ayina ya saɓa da na mai shago. Tunda shi da bakinsa ya ce akwai jabun da ido ba ya rabewa, me zai sa mutum ya zuba kuɗi a kan kwali mai sheƙi yana addu'a? Boris ɗin da aka ciro daga giyabos ɗin tokumbo da ya zo daga Japan, wannan babu tantama shi ne wanda kamfani ya sa da hannunsa, kuma motocin can ba sa ɗaukar lodi irin namu, ba sa bin hanya irin tamu. Na sha sa irinsa a motocin da na tuƙa tsakanin Maraɗi da Katsina, suka yi aiki har aka sayar da motar suna ciki. Ana juya shi da hannu, idan yana gudu sumul ba tare da gargada ba, sai a wanke shi da gas a cika shi da sabon giris a ɗaura. Yaran yanzu sun fi yarda da waya a kan hannunsu.

Injiniya, Zariya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Hujjarka ta farko tana da ƙarfi, domin tsohon na ainihi ya fi sabon jabu, wannan ba abin musu ba ne. Inda zan roƙi izinin saɓa maka shi ne gwajin hannu da kuma wanki. Boris ɗin kuloci na motocin da muke magana a kansu a rufe yake zuwa, an zuba masa giris mai jure zafi gwargwadon abin da zai ishe shi har ƙarshen rayuwarsa, kuma ba a yi shi don a buɗe ba. Idan aka tsoma shi a gas ko fetur, man yana shiga ta gefen murfin ya narkar da giris ɗin ciki ya fito da shi, sabon giris ɗin da aka shafa da yatsa kuwa a waje yake tsayawa, bai kai wurin 'ya'yan ba. Abin da aka ɗaura a mota a ƙarshe boris ne busasshe mai sheƙi daga waje.

Gwajin juyawa ma yana yaudara. Sabon boris na ainihi idan ka juya shi da yatsa za ka ji yana da ɗan nauyi, kana sakinsa yake tsayawa, saboda giris ya cika shi. Wanda ka kaɗa ya ci gaba da gudu yana wata siririyar ƙara, wannan ya riga ya zubar da giris ɗinsa, kuma shi ne mutane suke zaɓa a kasuwa suna cewa ya fi lafiya. Gwajin da ya fi kusa da gaskiya shi ne ka danna fuskarsa da tafin hannu da ƙarfi kana juyawa a hankali, domin a ƙarƙashin nauyi ne ramukan da ke hanyar 'ya'yan suke bayyana. Duk da haka ƙarfin hannu ba komai ba ne idan aka kwatanta da abin da yake ɗauka a mota, inda turin yatsun murfi ya haura kilo 100, yana kuma juyawa da gudun inji.

Dalilin da ya sa jabu yake mutuwa da wuri yana cikin ƙarfen. Ana yin boris na gaskiya da ƙarfe na musamman mai kusan kashi 1 cikin 100 na kabon da kusan kashi 1.5 na kuromiyam, wanda a Japan ake kira SUJ2, a Turai 100Cr6, a Amurka 52100, sannan a gasa shi ya yi tauri sosai, a goge hanyar 'ya'yan har ta zama kamar madubi. Mai jabu yana rage kuɗi a ingancin ƙarfe, a gashi, a guga da kuma giris, kuma babu ɗaya daga cikin huɗun da mai saye zai gani daga waje. Tokumbo kuma ƙarfensa mai kyau ne, amma ƙarfe yana gajiya da yawan juyi, giris yana tsufa ko da mota tana ajiye, kuma babu wanda zai gaya maka tafiyar da ya yi kafin ya iso. A kayan da ake kwancewa da sifana biyu a bakin hanya zan iya yin wannan caca, amma ban da wanda sai an sauke giyabos.

Ƙarin bayani ga Alhaji: yawancin boris na zamani an yi su ne su daidaita kansu da tsakiyar murfi, saboda haka za ka iya ganin zoben ya ɗan kauce daga tsakiyar gidansa, idan ka tura da babban yatsa ya gusa gefe. Na ga mai saye ya mayar da kaya mai kyau saboda wannan yana cewa ya yi lako-lako, alhali haka aka ƙera shi, yana komawa tsakiya da kansa a takun farko.

Tsohon direba, Maraɗi:
Injiniya, na ji bayaninka a kan wanki kuma na karɓa, domin irin waɗanda muka saba da su a da suna da wurin ɗura giris, na yanzu kuwa babu. Amma a kan tokumbo ina nan a kan bakana. Mutumin da ke ƙauye, ba shi da dila amintacce, ba shi da wayar da za ta karanta kwali, idan ya samu wanda aka ciro a gabansa daga giyabos mai tsabta, ya fi masa alheri a kan kwalin da bai san asalinsa ba. Ku da kuke birni kuna da zaɓi.

Direban DAF, Mararrabar Jos:
Salam. Duk kuna maganar ƙarfe, babu wanda ya tambayi ƙafar da ke kan feda. Alhaji, ka shiga motar nan wata rana ka zauna kusa da direbanka ba tare da ka gaya masa dalili ba, ka riƙa kallon ƙafarsa ta hagu. Akwai direbobin da ƙafarsu ba ta sauka daga feda tun daga tasha har masauki, suna ganin ai ba su danna ba, alhali nauyin ƙafa kaɗai ya isa ya sa boris ya yi ta aiki a ƙarƙashin matsi. Akwai masu tsayawa a gosulo ko a shingen jami'an tsaro da giya a ciki, feda a ƙasa, maimakon su sa firi su ɗaga ƙafa. Mafi muni su ne masu riƙe mota a kan tudu da rabin kuloci ba tare da birki ba. Duk wanda ya bi Hawan Kibo a bayan motar da ta yi lodin wuce ƙima ya san warin faifan da ke ƙonewa, kuma wannan zafin bai tsaya a faifai ba, yana bin yatsu ya isa boris ya dafa giris ɗinsa. Motar hatsi da ke tashi daga yashi da giya ta biyu ita ma haka take yi wa kanta.

Ga masu manyan motoci da ke karanta wannan zance, kada su ɗauki duk abin da aka faɗa a kan Kanta su ɗora a kan tirela. Yawancin manyan motocin Turai da Howo masu faifan milimita 430 kulocinsu na ja ne, boris yana maƙale a jikin yatsun murfi da zoben ƙarfe yana janyo su baya. Idan wannan zobe bai shiga ya kulle ba, ko aka mayar da tsoho da ya saki, boris yana iya fincikewa ana cikin tafiya feda ya faɗi ƙasa. Su kuma Mack masu giyar Eaton nasu yana da wurin ɗura giris, kuma yana buƙatarsa a kai a kai, ana barin tazarar rabin inci tsakaninsa da birkin kuloci. Kowace mota da dokarta.

Bakanike, Kaduna:
Malam direba ya taɓo wuri mai muhimmanci, kuma akwai wata ƙafar da ba ta mutum ba wadda take taka kuloci dare da rana ba a sani ba. Kulocin Kanta da mai yake aiki, masta na sama, wato famfon da feda ke dannawa, yana tura mai zuwa na ƙasa, shi kuma ya tura fok. Tsakanin feda da masta na sama akwai sanda mai zare da ake ƙara wa tsawo ko a rage. Idan kuloci ya fara wahalar shiga giya, wasu yaran gareji sai su tsawaita wannan sanda har ɗan wasan da ke saman feda ya ɓace. A nan fistin ɗin masta ba ya komawa mazauninsa, ya toshe 'yar ƙofar da mai ke bi ya koma kofi, matsi ya tsaya a cikin layi, kuma yana ƙaruwa idan mai ya yi zafi. Sakamakon shi ne boris yana danne da yatsu ko da babu kowa a cikin mota sai inji yana silo. Saboda haka bayan an gama aiki a danna feda da yatsan hannu, a tabbatar akwai ɗan wasa kafin a ji ya taɓa masta, gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. A motocin da fok ɗinsu ke da sifirin mai janyo shi baya da sandar gyara a ƙasa, a tuna cewa faifai yana cinyewa yatsu suna matsowa kusa da boris, wato tazarar tana raguwa da kanta, sai an riƙa dubawa lokacin sabis.

A wurin ɗaurawa ma ana kashe boris tun bai fara aiki ba. Wasu na Kanta suna zuwa haɗe da gidansu, wasu kuma zoben kaɗai ake sayarwa a matse shi a kan tsohon gida. Idan irin na biyun ne, a matse shi da injin matsi ta kan zoben da ke shiga gidan, kada a sa guduma, domin kowane bugu yana bi ta kan 'ya'yan ya bar musu tabo a hanya, kuma wannan tabo shi ne kukan da za a ji nan gaba. Giris kuma kaɗan ake shafawa a bututu, da bakin fok, da wurin da fok ke juyawa, da haƙoran sanda, sannan a share abin da ya yi yawa, don idan ya fantsama a faifai mota za ta riƙa karkarwa wajen tashi. Wanda cikinsa roba ce mai tauri, a bi abin da takardar cikin kwali ta ce, da yawansu ba sa son giris. Kada a bar nauyin giyabos ya rataya a kan faifai wajen shigarwa, kada a ja shi da ƙusoshi idan ya ƙi zama, kuma a tabbatar 'yan turakun da ke daidaita giyabos da inji suna nan. Robar da ke rufe ramin fok, wadda ake yawan jefarwa idan ta yage, a sayi sabuwa, domin ta wannan rami ƙurar hunturu da ruwan damina suke shiga.

Mai Ranger, Abuja:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda zancen ɗaya ne. Ford Ranger gare ni mai giyar hannu, man kuloci yana raguwa a kofi, kuma ina ganin ɗigo a ƙasan inda giyabos ya haɗu da inji, amma makaniki ya nemi masta na ƙasa a waje bai gani ba. An ce mini wai a irin wannan mota boris da masta abu ɗaya ne. Shin haka ne?

Injiniya, Zariya:
Haka ne ɗan'uwa. A irin taka an haɗe masta na ƙasa da boris a wuri guda, suna zagaye da sandar giya a ciki, babu fok kwata-kwata. Ɗigon da kake gani alama ce robarsa ta saki, kuma ba ya gyaruwa daga waje, sai an sauke giyabos an canja shi ɗungurungum, tare da faifan idan mai ya jiƙa shi. A irin wannan ne maganar tokumbo ta faɗi gaba ɗaya, domin roba ce ke riƙe da mai, tsohuwar roba kuwa ba ta da tabbas. Idan ka sayi sabo, ka hana kowa matsa shi da hannu don gwaji kafin a ɗaura, masu ƙera shi suna gargaɗi cewa hakan yana lalata robar ciki tun tana busasshiya. A zuba man birki irin wanda aka rubuta a murfin kofi, kada man inji ko na sitiyari ya kusance shi, domin yana kumbura robar.

Mai shagon sifiya, Kano:
In koma kan Kanta, shawarata ga Alhaji ita ce ya sayi saiti cikakke, faifai da murfi da boris daga kamfani ɗaya, irin su Exedy, Aisin ko Valeo, daga dilan da zai ba shi rasit mai ɗauke da lambar kayan, wanda kuma zai same shi a shagon nan idan ya dawo bayan wata shida. Ba don in sayar da kaya da yawa nake faɗin haka ba, dalilin shi ne fuskar boris iri biyu ce. Akwai mai shimfiɗaɗɗiyar fuska wanda aka yi don yatsu masu lanƙwasasshen baki, akwai mai kumburarriyar fuska wanda aka yi don miƙaƙƙun yatsu. Idan aka haɗa murfin wani kamfani da boris ɗin wani ba tare da an lura da wannan ba, dukansu na ainihi ne amma ba za su zauna lafiya ba.

Bakanike, Kaduna:
Na yarda da saiti, da sharaɗi guda: a buɗe kwalin a duba boris ɗin da ke ciki. Na sha ganin saitin da faifai da murfinsa masu kyau ne, amma an zare boris na ainihi a hanya an saka wani marar suna, domin an san mai saye faifai yake dubawa. Idan babu sunan kamfani da lamba a jikin ƙarfen, a ajiye shi a sayi na daban wanda fuskarsa da tsawonsa suka zo daidai. A kuma duba fuskar fulawil, idan ta yi shuɗi-shuɗi ko ta tsattsage a kai ta a goge, sannan a canja ƙaramin boris na tsakiyarsa tunda an riga an buɗe wurin, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Mai Kanta, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Saura tambaya ɗaya kafin in tura a sayo. Motar nan ba da injinta na asali na saye ta ba, wanda ya riƙe ta kafin ni ya canja inji, kuma ba ni da tabbacin giyabos ɗin tare suka zo. Idan na ba mai shago lambar shasi, ta isa ya fitar mini da saitin da ya dace?

Mai shagon sifiya, Kano:
Ba ta isa ba Alhaji, kuma wannan na iya zama wani ɓangare na abin da ya cinye na baya. Lambar shasi tana faɗin abin da motar ta fito da shi daga kamfani ne kawai. A dangin injinan Kanta akwai 4D32, 4D33 da 4D34, faifansu ba duka ɗaya ba ne, akwai mai faɗin milimita 275 akwai mai 300, kuma murfi yana bin fulawil na inji, shi kuwa gidan boris yana bin giyabos. Idan an haɗa injin wata da giyabos ɗin wata, tsawon boris daga inda fok ke turawa zuwa fuskarsa na iya gazawa ko ya zarce, mai gajarta ba zai saki kuloci sosai ba, mai tsawo kuma zai zauna a danne. Kada ka sayi komai sai an sauke giyabos. Ka sa a kawo tsohon faifai, murfi, boris da gidansa, da fok, a rubuto lambar jikin inji da ta jikin giyabos, a auna faɗin faifai, a ƙirga haƙoran tsakiyarsa, a auna kaurin bututu da tsawon gidan boris. Ka kuma ce wa bakaniken ya duba bayan fok da wurin da yake juyawa, ko an taɓa cusa ɗan zoben ƙarfe ko an yi walda don cike tazara, domin idan an yi hakan to tsohon boris ɗin ma ba na wurin ba ne, bai kamata a auna sabo da shi ba.